Jariri a Tsakanin Hannu Biyu: Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti?

Riƙon ɗa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Uwa ta rasu a kan gwiwa, gwaggo ko kaka ta goya jinjirin, shi ke nan. To a Amurka, inda asibiti ke da ɗan karen tsada, an daɗe ana fama da wata tambaya: jariri ya bar hannun mahaifiyarsa, kotu kuma ba ta riga ta tabbatar da shi ga masu riƙo ba. In ciwo ya kama shi a wannan tsakanin, wa zai biya?

Bari mu fara daga tushe. Inshorar lafiya tamkar asusu ce: ana zuba kuɗi duk wata, ran da ciwo ya zo sai asusun ya biya. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta taƙaita ƙarin albashi. Sai kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da alƙawarin biyan kuɗin magani. Tun daga nan inshorar yawancin mutane ta rataya a wurin aiki, ta haɗa da miji ko mata da 'ya'ya.

Matsalar tana kan kalmar "ɗa". A can, in an ɗauki yaro, kotu kan mayar da shi ɗan gida a doka, har da suna da gado. Amma kafin alƙali ya sa hannu akan yi watanni, sau da yawa shida ko fiye. Wasu masu inshora sai su ce ba ruwansu da yaron sai takardar kotu ta fito. In kuma bakwaini ne, ko an haife shi da ciwon zuciya, sai a ce ai da cutarsa ya zo, ba za a biya ba. Ka ji fa. Mai niyyar alheri ya ɗauki jinjiri, ya wayi gari da bashi.

Gyara ya zo daki-daki. A 1993 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce inshorar wurin aiki, muddin tana ɗaukar 'ya'yan cikin ma'aikaci, dole ta ɗauki yaron da aka damƙa masa tun daga ranar da nauyinsa ya hau kansa, ko da kotu ba ta gama ba. Ta kuma hana fakewa da ciwon da ya zo da shi. A 1996 wata doka ta ba iyayen kwana 30 su rubuta sunan yaron, kuma biyan ya koma baya zuwa ranar da suka karɓe shi.

Saura ɗan talaka. Tun 1984, jaririn da uwarsa ke cikin Medicaid, shirin gwamnati na marasa ƙarfi, yana samun kulawar shekara guda, amma da sharaɗin yana gida ɗaya da ita. Wanda aka ba wasu riƙo sai ya faɗi waje. A 2009, zamanin Barack Obama, aka cire wannan sharaɗi. Daga nan haƙƙin ya zama na jaririn ne, ko a bayan wa yake.

Mu dawo gida. A Nijar, tun 2006 gwamnati ta shelanta magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, wato an duba shekarun yaro, ba wanda ya haife shi ba. A Najeriya kuwa, tsarin inshorar ma'aikata da ya fara aiki a 2005 ya ambaci 'ya'yan ciki huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Saboda haka in kana da inshora kuma ka karɓi riƙo, je ka tambaya tun yaron na da lafiya. Ka nemi takardar haihuwarsa da katin rigakafi, ka ajiye su tare da takardunka na ƙetare iyaka. Ɗa na kowa ne, amma a teburin asibiti takarda ake fara tambaya.

Allah Ya raya mana zuri'a.