Cocamidopropyl betaine

Cocamidopropyl betaine, wanda ake taƙaitawa da CAPB, sinadari ne mai kawo kumfa da ake samarwa daga man kwakwa. Ruwa ne mai ɗan kauri, launinsa rawaya-rawaya, kuma yana cikin kayan haɗin shamfu, sabulun ruwa, sabulun wanke fuska da wasu nau'o'in man goge baki.

Yadda ake haɗa shi

Ana fitar da asid mai maiƙo daga man kwakwa, wanda mafi yawansa asid ɗin lorik ne, a haɗa shi da sinadarin DMAPA. Haɗin yana ba da wani sinadari mai suna amidoamin, shi kuma ake sarrafawa ya zama CAPB. Saboda haka, ko da yake asalinsa kwakwa ce, a masana'anta ake yin sa.

Amfani

Ɓangare ɗaya na ƙwayar sinadarin yana kama maiƙo, ɗayan yana kama ruwa, shi ya sa yake ɗauke datti idan an ɗauraye. Yana ƙara kumfa da kauri, yana kuma rage kaifin sinadarai masu ƙarfi irin su sodium lauryl sulfate. Wannan ya sa ake yawan sa shi a shamfun jarirai.

Tasiri ga lafiya

Yawancin mutane ba ya yi musu illa, amma wasu kan samu ƙaiƙayi, ja da ƙuraje a fatar kai, fuska, fatar ido ko wuya. A shekarar 2004 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta ayyana shi a matsayin sinadarin bori na shekara. Bincike ya nuna cewa galibi ragowar DMAPA da amidoamin da ba a tace sosai ba ne ke jawo borin, ba shi kansa CAPB ba. Likitan fata yana gano matsalar ta hanyar manna ɗan sinadarin a bayan mutum na tsawon awa 48. Wanda aka tabbatar yana da borin sai ya riƙa duba jerin kayan haɗin da ke jikin kwalba kafin ya saya.

Bambanci da cocamide DEA

Ana yawan rikita shi da cocamide DEA, wanda shi ma daga man kwakwa ake yin sa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa cocamide DEA a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa su haddasa ciwon daji. CAPB ba ya cikin wannan rukuni.