Ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ƙofar fita a gidajen Amurka

A jihohin arewacin Amurka da kuma Kanada, gidaje da dama na da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa.

Dalili kuwa shi ne sanyi. A lokacin hunturu ƙasa kan daskare ta kumbura, don haka wajibi ne harsashin gini ya zarce inda ƙanƙara ke kaiwa.

A birnin Minneapolis na jihar Minnesota, alal misali, doka ta tanadi zurfin inci 42, wato sama da mita ɗaya.

Tun da an riga an yi haƙa, magina kan ƙara zurfin ramin su mai da shi ɗaki.

Sai dai irin wannan ɗaki yana da duhu da danshi, kuma sau da yawa matakala ɗaya ce hanyar fita.

Amfanin gangare

Idan filin na da gangare, akan binne bango ɗaya a cikin tudu, a bar wanda ke fuskantar gangaren a buɗe, a sa masa ƙofa da manyan tagogi.

Mai kallo daga saman tudun zai ga gidan ƙasa, wanda ya zagayo ta gangaren kuma ya ga bene.

Akasari ana buƙatar filin ya gangara da kimanin ƙafa 8, gwargwadon tsawon bangon ɗakin.

Ruwan sama na gangarowa ya taru a jikin bangon da aka binne. Saboda haka akan shafe shi da kwalta, a shimfiɗa bututu mai huji-huji cikin tsakuwa a gindinsa domin janye ruwan.

Shi kuwa ɓangaren da ke buɗe, tilas a ƙara wa harsashinsa zurfi, tun da babu ƙasar da ke kare shi daga sanyi.

Batun tsira

Ƙa'idojin gini a yawancin jihohin Amurka sun wajabta hanyar fita ta gaggawa ga duk ɗakin kwanan da ke ƙarƙashin ƙasa, musamman saboda gobara.

A watan Satumban 2021, ambaliyar da guguwar Ida ta haddasa ta hallaka mutane 11 a irin waɗannan ɗakuna a birnin New York, galibinsu a unguwar Queens.

Akasarin ɗakunan dai an mai da su wurin haya ne ba tare da izinin hukuma ba.