TETFund: Asusun da Yajin Aiki Ya Haifa

Duk wanda ya zaga jami'o'in gwamnati a Najeriya, daga Bayero ta Kano zuwa Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, zai ga sunan TETFund a jikin ɗakunan lacca da ɗakunan gwaje-gwaje da motocin ɗalibai. Ɗalibai da yawa sun ɗauka kyauta ce gwamnati ta yi don raɗin kanta. Alhali da gumin malamai aka same shi.

Asalin maganar tana komawa ga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, lokacin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Darajar naira ta faɗi warwas, ɗakunan karatu suka kasa sayen mujallun ilimi daga waje, kayan gwaji suka lalace babu gyara, manyan malamai suka yi ta ficewa ƙasashen ƙetare. A 1992 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, ta tsunduma yajin aiki. Gwamnati ta haramta ƙungiyar, amma daga bisani dole ta zauna da ita. Da aka ce wa malaman baitulmali babu kuɗi, sai suka nuna inda za a samo su: a ɗora wa kamfanoni harajin ilimi, tunda su ne ke cin moriyar waɗanda jami'a ta yaye.

Haka aka yi. Dokar soja mai lamba 7 ta 1993 ta kafa asusun harajin ilimi, ETF, ta wajabta wa kowane kamfani mai rajista a ƙasar ya biya kashi 2 cikin ɗari na ribarsa. Sai dai an raba kuɗin tun daga firamare har jami'a, kowa ya samu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ne dalilin dokar 2011, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu: asusun ya koma TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnatin tarayya da na jihohi, jami'o'i su ɗauki rabi, kwalejojin fasaha da na ilimi su raba sauran daidai. Harajin ya ƙaru zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a 2023.

Gini shi ido ke fara gani, shi ya sa aka daɗe ana auna asusun da bulo da siminti. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne bincike, kuma nan ne aka makara. Sai a 2009, lokacin da Farfesa Mahmood Yakubu ke jagorancin hukumar ETF, aka kafa asusun bincike na ƙasa da naira biliyan 3. Abin takaici, shekaru suka shuɗe kuɗin na ajiye, saboda takardun neman tallafi da ake turowa mafi yawansu ba sa tsallake tantancewa. A zamanin Farfesa Suleiman Bogoro ne aka farfaɗo da shi, kason ya kai biliyan 5 a 2019, biliyan 7.5 a 2020, biliyan 8.5 a 2021, aka kuma dage da horar da malamai yadda ake rubuta takardar.

Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai san wuyarta ba. Da farko malami zai tura taƙaitaccen bayani: ga matsalar, ga yadda zan tunkare ta, ga wanda zai amfana. In ya tsallake, a nemi cikakkiyar takarda, sannan ya tsaya gaban kwamitin masana ya kare ta. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne kasafi. Ka ga mutum ya san fanninsa kamar yunwar cikinsa, amma ya zauna cikin dare da fitilar caji yana fama da jadawalin kuɗi: nawa ne sinadari, nawa ne man zuwa ƙauyukan da za a tattaro bayanai, nawa za a biya mataimaka. Kafin kuɗin su fito farashi ya canza. Akwai kuma ƙaramin tallafi da ake bi ta hannun makaranta, wanda ya daɗe bai wuce naira miliyan 2 ba. A nan ya kamata matashin malami ya fara koyon hannu.

A 2024 wani ƙudurin gyaran haraji ya so ya janye wa TETFund kasonsa sannu a hankali zuwa 2030. ASUU ta sake tashi tsaye, kuma dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta bar masa rabin sabon harajin raya ƙasa na kashi 4.

Kirana ga shugabannin jami'o'inmu da manyan farfesoshi shi ne, duk wanda ya taɓa cin tallafin bincike ya jawo ƙananan malamai biyu ko uku na sashensa, ya buɗe musu takardarsa da kasafinta, su rubuta ta gaba tare.