Allurar RPM Ta Kwanta? Ka Fara Tambayar Shekarar Motar

 Yau tarihin namu na cikin dashbod ne.

Watannin baya na tada motata da safe, 'yar Kwatano ce ƙirar 2008, injin ya kama lafiya ƙalau, amma allurar RPM tana kwance a kan sifili kamar an yi mata allurar barci. Na taka totur, injin ya yi kuka, ita ko gezau. Mai wayarin da na fara zuwa wurinsa ko bonet bai buɗe ba ya ce birenbokis ne ya tafi, sai an sayo wani. Kuɗin da ya kira sun fi abin da nake samu a wata. Wannan ne ya sa na zauna na karanta yadda aka yi allurar nan ta zo cikin mota, kuma a nan na gane cewa kowane zamani da inda take mutuwa.

Allurar tana ƙirga sau nawa kiranshaf ke juyawa a minti ɗaya. Idan tana kan 1, dubu ɗaya ke nan. Kuma ta girmi mota nesa ba kusa ba. A 1788 James Watt ya ɗora wa injin tururinsa wasu ƙwallayen ƙarfe biyu masu juyawa, suna buɗewa idan gudu ya ƙaru. A 1810 wani injiniya a Ingila, Bryan Donkin, ya gabatar da na'urar auna juyi mai amfani da kwanon zaiba, har aka ba shi lambar zinare. Jamusawa kuma suna jingina ƙirƙirar ga Dietrich Uhlhorn a 1817. Injinan masana'antu da jiragen ƙasa aka fara yi wa hidima da ita.

Da ta shigo mota, da igiya ta shigo. Wata wayar ƙarfe ce mai juyawa a cikin bututu, ta taso daga jikin injin har bayan dashbod, tana juya maganaɗisu a cikin ɗan kofin alminiyom, kofin ya ja allura, siririn sifirin kuma ya riƙe ta. Irin dabarar da Otto Schulze ya yi wa rajista a 1902 don agogon gudu. A irin wannan motar babu wani dogon bincike: allura ta yi ta rawa, igiya ta bushe, ta faɗi gaba ɗaya, igiya ta tsinke.

Daga wajajen shekarun 1950 zuwa 1960 sai lantarki ya karɓi aikin, kuma nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. Aka daina jin juyin injin da ƙarfe, aka koma ƙirga tartsatsin wuta. Waya ɗaya ce tal daga kwil zuwa agogon. Injin mai silinda huɗu yana ba da tartsatsi biyu a kowane juyi, mai shida yana ba da uku. Shi ya sa idan aka ciro agogon mai huɗu aka dasa wa mai shida, zai riƙa yi maka ƙarya, injin na juyi dubu biyu shi yana nuna dubu uku. Masu canja wa mota injin su riƙe wannan. A motocin wannan zamanin, irin tsofaffin Fijo da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975, in dai motar tana da agogon, wayar kwil ake fara dubawa, sai fiyus, sai wayar nan da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, wadda tsatsa ke cinyewa.

To dizal fa, da ba shi da filogi balle tartsatsi? Da yawa daga tsofaffin motocin dizal daga altaneta suke ɗauko ƙirgen, ta wani baki da ake rubuta wa W. Wannan ba abin wasa ba ne. Kana tafe a hanya, allura ta faɗi, fitilar batir ta kama a lokaci guda, to ka gangara gefe ka tsaya. Mai yiwuwa bel ne ya tsinke, kuma a motoci da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa. Ka ci gaba da tafiya, injin ya tafasa, ka tashi daga sayen bel ka koma sauke injin.

Sai kwamfuta ta zo. Yanzu wata sensa ce ke zaune kusa da wani faifai mai haƙora a jikin kiranshaf tana ƙirga su, ta miƙa wa birenbokis, shi kuma ya aika wa dashbod. A 1986 kamfanin Bosch ya gabatar da tsarin CAN, wanda ke sa kwamfutocin mota su yi magana da juna ta wayoyi biyu kacal, kuma Marsandi S-Class ta 1991 tana cikin na farko da suka fito da shi. Ita kanta allurar wani ɗan mitsitsin moto ne ke juya ta. Daga 1996 kuma Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can soket ɗin OBD-II, mai ramuka 16, a ƙarƙashin sitiyari. Mu da muke hawan motocin da suka gama yayi a can, gadon da muka ci ke nan, amma da yawanmu ba mu ma san yana wurin ba.

Ga lissafin da ya cece ni. Yawancin injinan zamani ba sa tashi idan kwamfuta ba ta ganin juyin kiranshaf, domin da shi take sanin lokacin ba da wuta da mai. Tunda motata tana tashi tana silo lafiya, ke nan sensa tana ƙirga, birenbokis yana ji. Saura hanyar da ke tsakaninsa da allura. Da a ce motar ta ƙi tashi ne, sitata na juyawa allura ba ta ko motsi, to da sensar zan fara zargi.

Na koma wani gareji, inda wani yaro da bai kai ni shekaru ba ya soka 'yar na'urarsa a soket ɗin nan, ya buɗe wayarsa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, 750, na taka totur lambar ta haura. Ya duba fiyus, lafiya. Ya ɗan bubbuga saman dashbod da tafin hannu, allurar ta zabura ta sake kwanciya. Da ya kwance agogon sai ga dalmar da ke riƙe da ƙafar soket a bayansa ta tsage, zafin rana da ramukan hanya sun gama da ita. Ya narka sabuwa ya like, ko rabin awa bai yi ba.

Na tambaye shi inda ya koyi aikin. Ya ce wajen mai gyaran rediyo ya fara, kafin ya dawo mota.