Kan jirgin ceto: injin da ke zaman jiran wani ya lalace

Mu nan Dogondutsi da Tibiri ba mu da layin dogo, amma ƴan uwanmu da ke neman abinci a Kaduna, Abuja da Legas suna shiga jirgin ƙasa, kuma mukan ji an ce jirgi ya mutu cikin daji, an aika wani kai ya jawo shi. Shi wanga kan da ake aikawa, shi ne kan jirgin ceto: inji ne da ake ajiyewa a babbar tasha ko garejin gyara, cike da gazuwal, ba ya jan tarago ko ɗaya, aikinsa jira, kamar motar ƴan kwana-kwana.

Idan babbar mota ta lalace a titi tsakanin Dutsi da Ƙonni, yaron mota ya karyo ganye ya jera, sauran motoci su kauce su wuce. To, jirgi ba ya kaucewa. A layi ɗaya tilo, irin na Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 da aka buɗe a Yulin 2016, jirgi guda ya tsaya tsakanin tasha da tasha, duk na gaba da na baya sun tsaya ke nan. Haka ta faru a Nuwamban 2020, har ministan sufurin Najeriya na lokacin, Rotimi Amaechi, ya nemi afuwar fasinjoji. Tun harin 28 ga Maris 2022 a kan wannan layi kuwa, ba sai an gaya wa kowa abin da tsayuwa cikin daji da dare ke nufi ba.

Mutanen da ke kan injin ba su da yawa: direba, a wasu ƙasashe da mataimakinsa, wani lokaci da makaniki ko mai ɗaure taragu. Amma ba kowane direba ake ɗorawa ba. Dole ya san injin, ya kuma san hanyar, inda gangara take, inda kwana take, inda alamu suke, don jirgi mai nauyi yakan ci ɗaruruwan mitoci kafin birki ya tsai da shi. Ana yi musu aikin karɓa-karɓa, kuma awoyin zaman jira ana lissafa su cikin aiki. Nan ne matsala take ɓuya: in an kira direba gab da ƙarshen awoyinsa, sai an nemo wani mai hutu, fasinja na can yana jira. Mu dai a ganinmu, inji a ajiye ba direba kusa, ƙarfe ne kawai.

Ga yadda ceton ke tafiya. Direban da jirginsa ya mutu zai kira ofishin kula da zirga-zirga ya faɗi daidai kilomitar da yake. Daga nan ba shi da iznin motsawa, ko da injin ya farfaɗo, sai an ba shi umurni, don kar su haɗu da mai zuwa ceto. Ana rufe wannan yanki na hanya, a tura ma'aikaci da jar tuta ko jar fitila, a wasu layuka har da ƴan ƙananan abubuwan fashewa da ake ɗorawa kan dogo, waɗanda ke yin ƙara in ƙafar jirgi ta taka su. Kan ceto ya shigo a hankali, yadda zai iya tsayawa da zarar ya hango abu. Ya iso, a ɗaure maɗaurin, a haɗa tiyon iska.

Wannan tiyo shi ne ran aikin. Birkin jirgi da iska yake aiki, bisa dabarar da George Westinghouse ya fitar a Amurka a 1872: muddin akwai iska cikin bututun, birki a sake yake, in iska ta zube sai ya kama da kansa. Kun ga ke nan jirgin da injinsa ya mutu yakan ƙame wuri ɗaya, sai kan ceto ya sake cika bututun tun daga gaba har taragon ƙarshe, a gwada birki, kana a ja. Shi ya sa fasinja kan ga inji ya iso amma an daɗe ba a tashi ba. A irin wannan lokaci, in ba ma'aikata sunka ce a sauka ba, zama cikin tarago ya fi, don wani inji na tafe kan dogon.

Ajiye inji da albashin mai jira kuɗi ne, don haka kamfanoni da dama ba su ware na musamman, sai su ciro kai daga jirgin kaya ko wanda ke tasha mafi kusa. A Ingila kuwa suna warewa, har suna kiransu Thunderbird, sunan wani tsohon shirin talabijin na masu ceto. Galibi masu gazuwal ne, don su iya jawo jirgin lantarki in wuta ta ɗauke. Idan jirgi ya sauka daga kan dogo, wannan kuma aikin jirgin agaji ne mai ƙugiyar ɗaga ƙarfe.

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye. Layin Yamai zuwa Doso, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa aka ƙaddamar a Janairun 2016, faɗinsa mita 1 ne, daidai da na Kwatano zuwa Parakou, ko da yake bai kai ga jigilar yau da kullum ba. Tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne. Na Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021, mai kilomita 284, shi kuma 1,435 ne. Injin wani ba ya hawa dogon wani, saboda haka ranar da jirgi ya fara shigowa Maraɗi, kan da zai cece shi sai dai ya fito daga kan layin nasa, ta wajen Katsina ko daga Maraɗin kanta.