Ɓerayen Gwaji da Tarihin Maganin Sankarar Mama

A shekarar 1896 likitan fiɗa George Beatson na birnin Glasgow ya nuna cewa cire wa mace ma'ajiyar ƙwai yakan sa ƙarin sankarar mama ya ja da baya, sai dai ba kowace mace aikin yake yi wa amfani ba, kuma dalilin hakan ya shige wa likitoci duhu shekara da shekaru. A jikin ɓerayen gwaji aka fara warware wannan ƙulli. A 1916 Abbie Lathrop da Leo Loeb sun lura cewa ɓerayen da aka yi wa irin wannan aiki tun suna ƙanana ba su cika kamuwa da cutar ba, sannan a 1932 Antoine Lacassagne a Faris ya yi wa mazan ɓeraye allurar istirojin, wato sinadarin da jikin mace ke samarwa domin balaga da haihuwa, sai ga ƙari ya fito musu a mama.

Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ne ya gano sirrin a 1958, bayan ya yi wa istirojin alama da sinadarin tiritiyom domin bin sawunsa a jikin ɓeraye. Mahaifa ta riƙe shi gam, tsoka kuwa ta sake shi, wanda ya nuna cewa wasu ƙwayoyin halitta suna da makarɓi, wato furotin da istirojin ke shiga kamar mabuɗi a kwaɗo, ya umarci ƙwayar ta hayayyafa. A 1961 Charles Huggins ya samar da hanyar haddasa ƙari a matasan ɓeraye da sinadarin DMBA, kuma a kan irinsu ne Craig Jordan ya nuna a shekarun 1970 cewa maganin tamoxifen yana toshe makarɓin, ya rage fitowar ƙari.

Wannan tarihi ya shafi duk mace mai sankarar mama, a ce 'yar Rigachikun, da aka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin tamoxifen ba ya tasiri sai ƙarin yana ɗauke da makarɓin. Saboda haka gwada tsokar da aka yanko daga ƙarin, tare da adana ta a sinadarin fomalin a kan lokaci, shi ne ke tantance wadda maganin zai yi wa rana da wadda za ta kashe kuɗinta a banza, kuma haƙƙin kowace majinyaciya ne a yi mata shi kafin a rubuta mata magani.