Shaƙiyyi da ɗan'uwansa na Ingila

A Korgom, cikin ƙasar Tasawa, idan yaro ya ɓoye wa kakarsa takalmi ko ya ɗaura wa akuya tsumma a wutsiya, sai ka ji an ce, "Kai, yaron nan akwai shaƙiyanci!" Ana faɗa ana dariya. Amma shaƙiyyi ba da dariya ta shigo Hausa ba. Daga Larabci take, kuma a bakin malaman zaure ita ce kishiyar sa'idu, ma'anarta taɓaɓɓe, wanda ƙarshensa bai yi kyau ba. Yau Bahaushe da ita yake tsokanar taubashinsa. Misirawa ma da ita suke kiran yaro marar ji, sai dai mutanen Alƙahira sun haɗiye ƙaf ɗin.

Turawan Ingila suna da kalmar da ta bi wannan hanya sak, mischief. Sun aro ta wajen shekarar 1300 daga tsohon Faransanci meschief: mes na nufin abin da ya karkace, chief kuwa kai ne ko ƙarshen al'amari, kakan chef ɗin nan da kowane ɗan lakwal ya sani. Ma'anarta ta farko masifa ce. Sai a ƙarni na 18 ta yi sanyi har ta koma wasan yara. Tsohon dafin bai fita duka ba, domin a dokar Final Kod ta Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960, sunan laifi ne: ɓarnata dukiyar wani da gangan.

Wanda ya yi karatu da Faransanci zai so ya ce "mishef". Ba haka ba ne. Ch ɗin kamar c ɗinmu ne na "ci", nauyin murya kuma a gaɓar farko: mis-cif. Siffarta, mischievous, gaɓa uku ce, ko da yake Turawa da yawa kan ƙara ta huɗu.

Ni dai, in kan yaro ake magana, na fi son ƙiriniya. Ba ta ɗauke da hukuncin lahira, ba ta kai mutum gaban alƙali. Uwa takan ce ɗanta ya cika ƙiriniya, a muryarta kuma ka ji alfahari, don mutanenmu suna ganin yaro mai lafiya ne ke hawa katanga. Ranar da ya saki awaki cikin gonar gero kuwa, ba wanda zai ce ƙiriniya. Ɓarna za a ce, a je wurin mai gari.